Yadda Mai Umara Zai Hau Jirgin Ƙasa Mai Gudu Tsakanin Madina da Makka

Duk wanda ya tashi a Gusau ya san layin dogo, ko da kuwa bai taɓa sa ƙafarsa a cikin jirgin ƙasa ba. Layin ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa, ya ratsa garinmu, ya je ya tuƙe a Ƙauran Namoda tun 1929, kuma har yau dattawa suna ba da labarin zamanin da ake maƙare taragai da gyaɗa da auduga a kama hanyar kudu. Mu da muka zo daga baya ƙarafan muka tarar da tsoffin gine-ginen tasha, jirgin kuwa ya daɗe da zama labari ga yawancinmu. 'Yan uwanmu na Kabi ko ƙarafan ma ba su samu ba, domin layin dogo bai shiga Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri ba. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin mutanenmu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ranar da Allah ya kai su ƙasa mai tsarki, kuma jirgin da suke fara gamuwa da shi a can yana cikin mafiya gudu a duniya. Na raka mahaifiyata da wani kawuna Umara, mun hau shi zuwa da dawowa, na kuma ga inda baƙo yake tuntuɓe, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da zai sauƙaƙa wa wanda yake shirin tafiya, musamman mai tafiya da tsofaffi.

Jirgin sunansa Haramain, wato na Harami biyu. Sarki Salman ne ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 2018, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na wannan shekarar. Tsawon layinsa kimanin kilomita 450 ne, kamar mutum ya tashi daga Gusau ya je Sakkwato ya dawo har da ɗan ƙari, kuma da lantarki yake tafiya, yana kaiwa gudun kilomita 300 a awa ɗaya. Jiragen ƙirar kamfanin Talgo ne na ƙasar Sifen, kowane ɗaya yana da kujeru 417. Tafiyar da motar safa take yi a awa biyar zuwa shida, wani lokaci fiye idan an tsaya a hanya, jirgin yana yin ta a kimanin awa biyu da minti ashirin. Ga matashi wannan ragin lokaci ne kawai. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa ko dattijo mai ciwon suga, wanda ɗawafi da sa'ayi suke jiran sa da zarar ya sauka, bambanci ne tsakanin ya shiga Harami da ƙarfinsa ko ya shiga a galabaice. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗin tikitin, ko da ya fi na mota tsada.

Sai dai kafin a yi nisa, a rarrabe abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai wani jirgin dabam da yake aiki a kwanakin Hajji kawai, tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda aka buɗe a 2010, mai tashoshi tara. Wannan ba shi muke magana a kai ba. Haka kuma alhajin da ya je ta hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa yana da tsarin motocin da aka riga aka yi masa daga Madina zuwa Makka, kuma bai kamata ya ɓalle daga ayarinsa ya je ya sayi tikiti da kansa ba tare da sanin jami'ansa ba. Bayanin nan ya fi shafar mai Umara, ko wanda ya tafi da kansa ko wanda ya bi kamfanin jirgin yawo. Idan kamfani ka bi, tun a gida ka tambaye su ko kuɗin da ka biya ya haɗa da jirgin ƙasa ko mota ce, domin kada ka biya abu ɗaya sau biyu.

Tashoshin jirgin biyar ne, kuma sanin su shi ne farkon komai. Akwai ta Makka a unguwar Rusaifa, da ta cikin birnin Jidda a unguwar Sulaimaniyya, da ta filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, da ta sabon birnin kasuwanci na Sarki Abdullahi da ke kusa da Rabig, sai ta Madina. Ka lura da kyau cewa Jidda tana da tasha biyu, kuma ba kusa suke da juna ba. A nan muka fara shan wahala. Wani ejan da ya taimaka mana da takardu ya saya mana tikiti daga Jidda zuwa Madina, ya turo min ta waya, na ga an rubuta Jidda na kwantar da hankalina. Sai da muka sauka daga jirgin sama, muka ja kayanmu har bakin ƙofar shiga, ma'aikaci ya duba ya ce wannan tikitin na Sulaimaniyya ne. Ba mugunta mutumin ya yi ba, shi ma bai san tashar biyu ce ba. Muka ɗauki tasi cikin gaggawa, Inna tana salati a bayan mota, muka isa jirgi ya riga ya tashi, dole muka sayi wasu tikitin muka jira na gaba. Tun daga ranar ba na yarda da tikitin da ban karanta sunan tasharsa da idona ba, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haka ko da wanda ya saya masa ɗan uwansa ne na jini.

Sayen tikiti iri uku ne: ta manhajar jirgin a waya, wadda ake kira HHR Train, ko ta shafinsu na intanet, ko kuma a tashar kanta, wajen ma'aikata ko a injinan sayarwa. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne a saya tun kafin ranar tafiya. Za a nemi sunan kowane fasinja da lambar fasfonsa, don haka ka ajiye fasfunan a gabanka ka kwafi suna harafi bayan harafi kamar yadda yake a ciki. Mu nan mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a gida, Mamman a kasuwa, Mohammed a takarda, to na takardar ake so. Yara da jarirai ma akwai gurbinsu a wajen cike bayanai, kada a bar su a ce ai a cinya za su zauna. Idan ku da yawa ne, ka saya muku gaba ɗaya a lokaci guda domin ku samu kujeru a tarago ɗaya. Rabuwa da tsoho a cikin jirgin da bai san kansa ba abu ne da za a iya kauce masa tun daga nan.

Matsalar da ta fi damun ɗan Nijeriya ita ce ta biya. Katin banki na naira ba ko da yaushe yake aiki a shafukan ƙasashen waje ba, kuma bankuna suna sa iyaka ga abin da za a iya kashewa. Ka je bankinka ka tambaya tun kana gida. Idan katin bai yi ba, ka nemi wani amintacce da yake zaune a Saudiyya, ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina ko wani ɗan gari mai sana'a a can, ya biya da katinsa ka ba shi riyal. Idan duk wannan bai samu ba, ranar da ka isa Madina ka ware lokaci ka je tasha ka sayi na ranar da za ka tashi, kada ka bari sai ranar tafiyar. Kuɗin tikiti yana hawa yana sauka gwargwadon lokaci da yawan masu nema, kuma akwai aji biyu, na gama-gari da na manya mai kujeru masu faɗi inda ake kawo ɗan abin taɓawa. Na gama-garin ya wadatar ƙwarai, kujerunsa suna da daɗin zama, ban ga dalilin ƙara kuɗi ba sai ga wanda jikinsa yake bukatar fili. A watan azumi, musamman goman ƙarshe, kujeru suna ƙarewa da wuri, wanda ya yi jinkiri sai ya koma neman mota.

Sai batun lokaci, wanda nake ganin a nan ne tarbiyyar tashar mota take cutar da mu. Mun saba mota ba ta tashi sai ta cika, direba yana iya jiran wanda ya je alwala, ɗan kamasho yana iya kiran ka a waya ya ce Alhaji kai kaɗai ake jira. Jirgin nan idan an rubuta ƙarfe goma da minti biyar, to a wannan mintin yake tashi, kuma ana rufe ƙofar shiga tun kafin lokacin ya cika. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, saboda haka ka tabbata agogon hannunka da na wayarka sun koma lokacin can. Idan bayanin ya zo maka da Larabci, harafin sad a gefen lokaci yana nufin safiya, harafin mim kuma yana nufin bayan rana ta karya zuwa dare. Wanda ya yi makarantar allo ba zai rasa gane su ba. Ka kuma duba tsawon tafiyar da aka rubuta, domin wasu jiragen suna wucewa kai tsaye, wasu suna tsayawa a tashoshin hanya. Idan kana da izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, kada ka sa ranar tashinka ta ci karo da shi.

Wajen zaɓen lokacin tashi, ka yi lissafin lokacin isa. Wanda ya isa Makka da tsakar rana a lokacin zafi zai yi ɗawafi a cikin rana mai tsanani ko kuma ya zauna a masauki da harami a jikinsa yana jiran yamma. Mu mun zaɓi jirgin da ya tashi bayan la'asar, muka isa bayan magariba, muka ajiye kaya, tsofaffi suka ci abinci suka ɗan miƙe ƙafa, sannan muka shiga Harami da dare iska ta yi sanyi. Haka kuma otal-otal da yawa ba sa ba da ɗaki sai bayan azahar, wanda ya yi sammako zai iya tarar da ɗakinsa bai zama a shirye ba.

Kaya su ne abu na gaba, kuma a nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mutanenmu ba sa tafiya da kaya kaɗan. Akwai garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji da kilishi da aka taho da su daga gida, sannan a Madina an sayi dabino da dadduma da jallabiyoyi da tasbaha na tsaraba, domin kowa a unguwa yana sa rai. Ƙa'idar jirgin ita ce kowane fasinja babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, mai girman santimita 65 da 55 da 35, sai ƙaramar jakar hannu. Ka sake karanta sharuɗɗan da suke tare da tikitinka, domin su ne za a bi ranar tafiya. Manyan jakunkunan bakko da muke cusa wa kaya har zif ya ƙi rufuwa, da kwalaye da aka ɗaure da igiya, su ne suke jawo tsaiko a bakin ƙofa. Hanya mafi sauƙi ita ce a jinkirta sayen tsaraba mai nauyi zuwa garin da za a tashi daga cikinsa zuwa gida. Idan kuma an riga an saya, a nemi motar da take ɗaukar kayan ayari ta kai su masaukin Makka, mutane su bi jirgi da ƙananan jakunkuna. Kamfanonin jirgin yawo da dama suna yin wannan tsarin idan an nema. Fasfo da magani da kuɗin guzuri da cajar waya kuwa kada su bar jikinka. Maganin tsoho musamman, a sa shi a jakar hannu, a rubuta sunansa a jiki.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne nauyi, wato harami. Mikatin mai fitowa daga Madina shi ne Zul Hulaifa, wanda aka fi sani da Abyar Ali ko Bi'ir Ali, kuma yana bakin garin Madina ne. Motar safa takan tsaya a masallacin wurin, mutane su sauka su yi wanka ko alwala, su yi nafila, su ɗaura niyya a natse. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a nan. Ana yin sanarwa a cikin tarago idan an kusa daidai da mikatin, kuma hakan yana zuwa ne ba da jimawa ba bayan an bar tasha, tun mutum bai gama daidaita zamansa ba. Abin da yake iya cin kilomita biyar a minti ɗaya ba ya ba ka sararin buɗe jaka ka nemi harami, balle ka bi layin ban ɗaki ka canza kaya. Saboda haka komai a gama shi a masauki: wanka, yanke farce, cire ɗinkakkun kaya da hula ga maza, ɗaura gyauto da mayafi, sa takalmin da ya dace. Mace kuma kayanta na sutura su ne haraminta, sai dai ta ajiye niƙabi da safar hannu. A shiga jirgi a shirye, ba abin da ya rage sai niyya da talbiyya.

Mutane suna bin hanya biyu a nan. Wasu sukan ɗauki tasi daga masauki su je masallacin Zul Hulaifa, su yi salla su ɗaura niyya a can, sannan su wuce tasha suna talbiyya. Wannan ya fi kwantar da hankalin wanda yake tsoron kada ya wuce mikati bai sani ba, amma yana bukatar ƙarin lokaci, a ƙalla awa ɗaya a kan lissafinka, da ƙarin kuɗin mota. Wasu kuma sukan jira a cikin jirgi, da zarar ya motsa ko an fara sanarwa su yi niyya. Idan wannan ka zaɓa, kada ka kama hira ko waya, kada ka bari tsohon da kake tare da shi ya yi gyangyaɗi, kuma kada ka dogara ga jin sanarwar kaɗai, domin da Larabci da Ingilishi ake yin ta, ga hayaniyar masu neman kujera. Ni da Inna da Kawu mun yi niyyarmu jirgi yana fita daga tasha. Hukuncin wanda ya wuce mikati ba harami, da na haɗa salla ko yin ƙasaru a wannan tafiya, a zauna da malami tun a gida a ji su dalla-dalla, kada a bari sai an shiga tarago a fara tambayar maƙwabcin kujera. Bayan niyya kuma a kula da sabulu da tsumman goge hannu masu ƙamshi da ake samu a hanya.

Wanda ya sauka a Jidda yana nufin Makka kai tsaye, shi nasa mikatin tun yana sama yake wuce shi, don haka shirinsa na harami tun daga filin jirgin Kano ko Abuja ko inda aka ya da zango yake farawa. Jirgin ƙasan da zai ɗauke shi daga filin jirgin Jidda zuwa Makka bai kai awa ɗaya ba.

Ranar tafiya ka bar masauki da wuri, ka yi nufin kasancewa a tasha awa ɗaya kafin tashi, idan da tsofaffi ko keken guragu ka ƙara rabin awa. Tashar Madina tana gabashin gari, kusan kilomita goma daga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai tasi, akwai motocin da ake kira ta manhajar Uber ko Careem, akwai kuma bas. Abin da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne titunan da suke kewaye da masallatan biyu suna cunkushewa, wasu ma a rufe su, dab da salla da bayan an idar, ranar Juma'a da watan azumi kuwa abin ya fi tsanani. Idan jirginka yana kusa da lokacin salla, gara ka tafi tasha ka yi sallar a can, domin akwai masallaci da wurin alwala. Idan tasi na kan titi ka tare, ku yi ciniki kafin ka sa kaya a but, ka ce masa mahaɗɗatul ƙiɗar, wato tashar jirgin ƙasa, don kada ya nufi filin jirgin sama da kai.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan tasha ba zai ga ta fi kama da filin jirgin sama. Rufinta yana da tsawo, an yi shi kamar jerin itatuwa masu rassa da ƙananan tagogi da suke shigo da haske, na Madina da launin kore, na Makka da ruwan zinariya. Za a sa kayanka a na'urar bincike, sannan ka zauna a zauren jira kana duban allon da yake nuna lambar jirgi da lokacinsa da ƙofar da za a bi. A jikin tikiti akwai ɗan zane mai kusurwa huɗu da na'urar ƙofa take karantawa. Ka ɗauki hotonsa ka ajiye a waya tun kana da intanet, ka kuma buga shi a takarda idan da hali, domin waya tana iya mutuwa a lokacin da aka fi bukatar ta. Kowane mutum da nasa zanen, kuma ɗaya bayan ɗaya ake wucewa, don haka ka fara shigar da tsofaffi kai ka bi baya. Fasfo ya kasance a kusa ko za a nema.

Matakalar nan mai tafiya da kanta ita ce ta fi ba tsofaffinmu tsoro. Inna ta tsaya cak a bakinta, ta riƙe gefen hijabinta, mutane suna ta ratsa ta suna wucewa. Na ce, "Inna, ki kama hannuna, ki taka kawai." Ta girgiza kai ta ce, "A'a ɗana, ni ba ni hawan abin da ba ya tsayawa." Ban matsa mata ba, wani ma'aikaci ya nuna mana lifta a gefe, muka bi ta nan. Kada a tilasta wa tsoho wannan matakala, musamman namiji mai harami wanda gefen gyautonsa zai iya maƙalewa, ko mai jan jaka da hannu ɗaya. Lifta tana nan, kuma ma'aikatan suna taimaka wa masu keken guragu idan an yi musu magana.

Wanda hanyarsa ta biyo ta Abuja zai iya samun ɗan sabo tun a gida. Daga Gusau a bi ta Funtuwa da Zariya zuwa Kaduna, a shiga jirgin ƙasa a Rigasa a sauka a Kubwa ko Idu. Wannan layin mai kilomita 186 an buɗe shi a 2016, ana sayen tikitinsa ta intanet da lambar katin ɗan ƙasa, kuma duk da cewa ba ya cikin jirage masu tsananin gudu, da man dizal yake aiki, tsarinsa na lambar tarago da lambar kujera da lokacin tashi iri ɗaya ne. Jadawalinsa yana canzawa, akwai kuma lokutan da aka dakatar da shi, kamar bayan harin da aka kai masa a watan Maris na 2022, don haka a bincika kafin a dogara da shi, musamman idan jirgin sama yana jira. Ana aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, kuma ina cikin masu fatan ranar da za a farfaɗo da namu na Ƙauran Namoda a miƙa shi Sakkwato da Birnin Kebbi, domin mun fi kowa sanin abin da hanyar mota take ci mana na rai da dukiya.

Idan an buɗe ƙofa aka sauka inda jirgi yake tsaye, lambar tarago za ka fara nema, tana rubuce a gefen kowace ƙofa, sannan lambar kujera a ciki. Manyan jakunkuna suna da wurinsu kusa da ƙofar tarago, ƙanana kuma a kan kanta a saman kujeru. Ka zauna a kujerar da aka rubuta maka ko da ka ga wasu ba kowa, domin masu su suna iya shigowa a tasha ta gaba. Idan ka tarar da wani a taka, ka nuna masa tikiti cikin ladabi ko ka kira ma'aikaci. Mai harami ba ya jayayya. Na'urar sanyaya wuri tana da ƙarfi, namiji mai harami ya lulluɓe kafaɗunsa duka biyu da mayafinsa, mata tsofaffi kuma a riƙe musu abin rufa. Akwai ban ɗaki, amma ƙarami ne, alwala a cikinsa tana da wuya, gara a yi ta a tasha. Akwai tarago mai sayar da shayi da ruwa da ɗan abinci, sai dai ɗaukar gorar ruwa da 'yan dabino a jaka ya fi sauƙi ga mai ciwon suga.

Gudun ba a jin sa a jiki yadda mutum yake zato. Na sayo wa Inna shayi na ajiye a kan ɗan teburin da yake jikin kujera, allon da ke saman ƙofa yana nuna 300, shayin ko motsi bai yi ba. Ta daɗe tana kallon baƙaƙen duwatsu da rairayi suna wucewa ta taga, can ta juyo ta ce, "Shin wanga jirgi tahiya shikai kuwa?" Kawu, wanda kakansa ya yi shekaru a hanyar Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan, bai ce komai ba, talbiyya kawai yake yi hawaye suna bin gemunsa.

Jirgi yana iya tsayawa a tashar birnin Sarki Abdullahi da ta Jidda, kuma tsayuwar ba ta da tsawo. Kada kowa ya sauka shan iska ko neman ruwa, kuma a riƙe yara. Makka ce tasha ta ƙarshe, ba a wuce ta, don haka mai zuwa can ba ya fargabar a zarce da shi. Mai sauka a Jidda ne yake bukatar ya tattara kayansa ya matso kusa da ƙofa tun kafin a tsaya.

Tashar Makka tana da nisan kilomita uku zuwa huɗu daga Harami, ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai kaya. A waje akwai tasi da bas masu zuwa kusa da Harami. Ka riƙe sunan otal ɗinka da unguwarsa a rubuce da Larabci, ko Misfala ce ko Ajyad ko Aziziyya, ka nuna wa direba, domin otal-otal masu suna kusan iri ɗaya suna da yawa. Ka sa wa kowane tsoho katin otal ɗin da lambar wayarka a aljihu ko a rataye a wuya tun kafin ku fita daga tasha. A fara zuwa masauki a ajiye kaya, a ci abinci, a sabunta alwala, sannan a nufi Ka'aba.

Wajen komawa gida, idan daga Jidda jirginka na sama zai tashi, ka duba tikitinsa ka ga daga wane ɓangaren filin ne. Tashar jirgin ƙasa tana haɗe da sabon ginin da ake kira na ɗaya, amma akwai kamfanonin da suke tashi daga ɓangaren arewa ko na alhazai, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce. Idan naka ba na ginin farko ba ne, ka ƙara lokacin wannan motar a lissafinka, ko kuma ka ɗauki mota tun daga Makka, wadda ma ta fi dacewa da mai tsaraba da yawa. Ruwan Zamzam na tafiya gida kuwa, wanda aka rufe a mazubin lita biyar, a filin jirgin ake sayen sa, don haka ba sai ka ɗauko jarka daga Makka ka shiga jirgin ƙasa da ita ba.